Hannun Baba a Kan Sirdi

Kowace safiya, tun kafin a share ƙofar shago, sai an fito da Baba Mai Keke. Ɗansa, wanda 'yan layi ke kira Ɗan Gado, shi ke kama hammata, matar ɗan ta kama ƙafafu, su ratso tsakar gida da shi kamar buhun siminti, su bi ta ƙofar baya ta shagon gyaran keken da ke manne da gidan, su dire shi a kujerar roba a bakin titi. A gyara masa hula, a goge yawun da ke bin haɓarsa, a ɗora masa sifana a cinya. Sai bayan nan a fito da famfo da bokitin ruwan faci da tsofaffin tayoyin da ake ratayewa a ƙusa. Cikin kayan shagon duka Baba ake fara fitarwa, don shi ya fi jawo ciniki.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge shi, hannun dama da ƙafar dama suka mutu, baki ya karkace, magana ta tafi. Abin da ya rage masa ido ne da kunne da hannun hagu, sai wani gurnani da ke fitowa daga maƙogwaro. Likita ya ce yana ji, yana gane komai sarai. Iyalin suka ce Allah Sarki, suka ajiye maganar tare da takardar asibiti a saman kabad.

Lokacin da yake da lafiya, keke ba ya barin shagon sai ya bi ta hannunsa. Zai ɗaga gaba ya juya wili ya kasa kunne, ya ɗaga baya ya yi haka, ya matse birki, ya girgiza kan keken ya ji ko akwai abin da ke rawa. In ya gamsu sai ya bugi sirdi da tafin hannun dama, tas. Wannan bugun shi ne sallama. In bai buga ba, ko gobara ake yi a gidanka sai ka tafi a ƙafa. Masu kai kaya da malaman makaranta da masu gadi duk sun san wannan, har in mutum ya sayar da keke yakan ce wa mai saye, "Hau ka ji, Baba ya buga shi."

Shi kuwa Ɗan Gado a shagon ya girma, kamar yadda kyanwa ke girma a ɗakin karatu. Ya san inda ake ajiye rediyo, ya san lokacin da inuwa ke zuwa kan benci. A iliminsa duk ciwon keke magani biyu gare shi, guduma da baƙin mai. Abin da ya ƙi shiga a buga, abin da ya yi ƙara a zuba.

Da ya buɗe shagon shi kaɗai bayan an sallamo Baba daga asibiti, mutane suka riƙa zuwa su leƙa, su tambayi jikin tsoho, su yi addu'a, su ja kekensu su yi gaba. Wani mai gadi da ya yarda aka yi masa faci ya tsaya riƙe da keken yana waige-waige.

"An gama fa," in ji Ɗan Gado.

"Na gani. To wa zai buga?"

Matar Ɗan Gado ce ta samo dabarar, tana tsaye tana wanke zanin gadon surukinta da bakin zani a hanci.

"Kai ma dai, Baban yara. Hannun nasa yankewa aka yi? Ba ga shi nan a jikinsa ba? Ka fitar da shi ya sha iska. Ni ma in samu in sha tawa."

Washegari aka fara. In an gama gyara, Ɗan Gado ya turo keken gaban kujera, ya durƙusa da ladabi, ya ce, "Baba, a duba." Ya ɗan jira, ya gyaɗa kai kamar mai sauraron umarni, sannan ya ɗago mataccen hannun ta wuyan hannu, ya kai shi saman sirdi ya saki. Hannun ya faɗo, ɓab. Ba irin ƙarar da aka sani ba ce, amma hannun dai shi ne, da tabon ƙunarsa da baƙin man da ya zauna a ƙarƙashin farce. Ciniki ya dawo. Har da masu cewa ba su taɓa ganin ɗa mai biyayya irin wannan ba, uba ya nakasa amma ba ya yanke hukunci sai ya tambaye shi.

Baba yana zaune yana kallo. An kafa kujerar daidai inda ba abin da zai wuce idonsa. Yana ganin ɗansa na cusa tub a taya da sukudireba, ya huda sabon rami yana toshe tsoho. Yana ganin ana ɗaure noti da filaya har kansa ya cinye. Yana ganin ƙwayar boris ta faɗi ta gangara cikin kwata, a rufe wili a haka, ɗaya ai ba ta hana tafiya. Duk lokacin da aka ɗago hannunsa sai gurnanin ya taso.

"Me Baba ke cewa?" wani malamin makaranta ya tambaya, ranar da aka mayar masa da wilin gaba ba a ɗaure shi sosai ba.

"Cewa yake a gaida gida."

Malamin ya ce gida zai ji. Yana juya keken sai Baba ya miƙo hannun hagu ya damƙi taya. Aka ja, ya ƙi saki. Hannun da ya shekara arba'in da wani abu yana matse ƙarfe ba ya sakin abu don an ce masa haba. Sai da Ɗan Gado ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya yana dariya.

"Ka gani ko, Malam? Son aiki. In ya ga keke kamar yaro ya ga alewa."

Malamin ya yi dariyar da bai shirya ba, ya ja keken bai hau ba, har ya sha kwana. Ɗan Gado ya lura da wannan. Da gari ya waye aka lulluɓe hannun hagun da bargo, wai iska na shigarsa. Rana kuwa tana narka kwalta. Da hannun ya koyi fitowa daga bargo sai aka yanko tsohon tub aka ɗaure shi da hannun kujera, aka mayar da bargon a kai.

Inna, matar Baba, ta gani ranar da ta leƙo da kofin ruwa.

"Kai, wannan fa? Ubanka ne, ba akuya ba."

"Don kada ya faɗo ne, Inna. In ya faɗo ya karye, ke za ki ɗauke shi?"

"To ko rumfar nan ka ƙara masa buhu. Da rana ta juya a kansa take ƙarewa."

"In na sa buhu wa zai gan shi daga titi? Kuma ba likita ya ce a riƙa sa shi cikin mutane ba? Aikin nan shi ne maganinsa. Ki kulle shi a ɗaki ki ga in zai kai wata."

Inna ta dubi mijinta, mijinta ya dube ta. Ta sunkuyar da kai. Abincin da ta ci da safe daga shagon ya fito, na rana ma daga nan zai fito. Ta miƙa kofin za ta kai masa baki, surukarta ta yi magana daga ƙofar baya.

"Inna, a bar ruwan nan sai yamma. In ya sha yanzu, kafin azahar ya jiƙa wando a gaban mutane. Mutuncinsa muke karewa."

Aka kare mutuncinsa. Leɓɓansa suka tsage, fitsarin da ake gudu ya ci gaba da zuwa, sai dai ya koma ja mai wari. In ya zo ba a shiga da shi, don lokacin ne masu tashi daga aiki ke kawo kekuna. A ƙara ninka bargon, a kunna turaren tsinke a soke shi a jikin tsohuwar taya kusa da kujera. Ƙudaje ba su damu da turare ba. Suna sauka a gefen bakin da ya karkace, inda yawu ke taruwa, hannu ɗaya ba ya jin umarni, ɗayan yana ɗaure. Robar kujerar ta ci bayansa da mazaunansa, wurin ya yi ja, ya buɗe, ya fara ruwa. Matar ɗan ta ce ƙurajen zafi ne, ta barbaɗa hoda.

Autar Baba, wadda ke aure a wata unguwa, ta zo dubiya ta ɗaga bargon. Ta ga tub ɗin ya shata zobe a wuyan hannun, ta ji warin. Ta shiga gida tana kuka tana faɗa, har maƙwabta suka rage ƙarar rediyo don su ji da kyau.

"Yaya, ka ji tsoron Allah! Talla kake da shi? Allon shago ka mayar da ubanmu?"

Ɗan Gado ya bari ta gama. Ya goge hannu da tsumma a hankali.

"Gaskiyarki, Auta. Na gaji ni ma. Ki kira mota yanzu, in taya ki sa shi a ciki. Ki kai shi gidanki, ki riƙa kwasar kashinsa, ki gaya wa mijinki ya sayi katifar roba."

Auta ta share hawaye. Ta ce ai ya san gidansu ɗaki biyu ne, ga yara, ga shi maigidan ba ya son hayaniya. Ta ce ba ta ce kada a fitar da shi ba, cewa ta yi a sassauta ɗaurin. Aka sassauta a gabanta. Kafin ta tafi ta saya masa sabuwar hula, mai kyau kuwa, har masu kawo gyara suna yabawa.

Cikin tsofaffin abokan cinikin Baba akwai mai burodi, wani dattijo siriri mai yawan raha, wanda ke ɗaure akwatin katako a bayan keke ya cika shi har ya fi kansa tsawo. Daga gidan burodi zuwa shagunan da yake rabawa akwai gangare mai tsawo, a ƙarshensa kwana ce da babbar kwata ta siminti. Rabin rayuwarsa a gangaren nan ya yi ta, a kan birkin da Baba ya ɗaura.

Ya zo da hantsi, ya jingine keken, ya cire hula ya durƙusa gaban kujera.

"Baba Mai Keke, maganin masu gaggawa! Ya ƙarfin jiki? Ka ga sabuwar hula kamar ango. Inna ta sani kuwa?"

Idon Baba ya ɗan yi haske. Mai burodi kaɗai ne ke yi masa magana kamar akwai mutum a cikin jikin.

"Birkin nan ne ke min kuka," mai burodi ya ce wa Ɗan Gado. "Ina matsawa sai ka ce an taka wutsiyar kare. Duk layi an san na iso tun ban iso ba."

Ɗan Gado ya matsa birkin, ya tura keken, ya ji ƙarar. Robar birkin ta cinye har ƙarfe ya fara leƙowa, kowa da ido zai gani. Amma ƙara ce aka kawo, ƙara kuwa ya san maganinta. Ya ɗauko gwangwanin baƙin mai, ya tsiyaya a kan robar gaba, ya tsiyaya a ta baya, ya juya wili ya shafe gefen ƙarfen da robar ke kamawa, har yana sheƙi. Ya matsa. Shiru, ko ƙis.

"Ka ji? Kamar sabo."

Mai burodi ya sosa ƙeya. "Ni dai ban taɓa ganin Baba ya kai mai wurin nan ba."

"Da can kenan. Robobin yanzu na kamfani ne, da mai suke aiki. Shi da kansa ya nuna min kafin ya kwanta. Ga shi nan ai, a tambaye shi."

Tun da gwangwanin ya karkata kan robar Baba ke gurnani, irin wanda ba a taɓa ji ba, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, idonsa ya firfito. Yana fizgar hannun hagu a ƙarƙashin bargo, tub na miƙewa yana dawowa. Da aka turo keken gabansa ya tattara abin da ya rage masa, ya dogara da ƙafa ɗaya ya wurgo jikinsa gaba. Kujerar ta biyo shi. Ya faɗi da fuska a kan wilin gaba, shi da kujera da bargo da sifana, goshinsa ya bugi ƙarfe, ya danne tayar da ƙirjinsa.

Aka yi salati, aka taru aka ɗaga shi. Ɗan Gado ya yi sauri ya ja bargon ya rufe ɗaurin da jiƙaƙƙen wandon.

"Ka gani ko? Ba ya iya jira a kawo masa. Baba, a hankali mana, ga shi nan, ba inda zai je."

Ya goge jinin goshin da tsumman da ya goge mai, ya gyara sabuwar hular, ya ɗago hannun dama ya saki a kan sirdi. Ɓab.

Mai burodi ya dubi hannun. Ya san tabon ƙunar nan, a gabansa aka yi shi. Hawaye na bin fuskar tsohon, amma tun da ya kwanta idon dama ke zubar da ruwa, kowa ya saba.

"To, tunda Baba ya buga," in ji shi. Ya mayar da hularsa, ya hau.

Ba a kai la'asar ba labari ya iso. Mai burodi ya shiga gangaren da akwati cike, ya matsa birki hannu biyu, keken ya ƙara gudu. Waɗanda suka gani sun ce ya sa ƙafa a ƙasa har takalmi ya fita. Kwatar ce ta tsayar da shi. Ƙugu ya karye, cinya ta karye, burodi ya watse a titi, yara suka taimaka wajen kwashewa ta hanyar da suka iya.

Ƙannensa biyu suka turo gawar keken har ƙofar shago, mutane na biye da su. Babban ya shafa robar birkin ya ɗaga yatsa sama, baƙi ƙirin yana naso.

"Wane jahili ne ya zuba mai a birki?"

Ɗan Gado bai ɗaga murya ba. Ya harɗe hannu a ƙirji, ya sunkuyar da kai.

"Ban so a kai ga wannan ba, wallahi. Asirin gida ne. Duk wanda ke layin nan ya san ba na ɗaure noti sai da izininsa. Ni ma na yi mamaki da ya nuna min gwangwanin, har na ce Baba, anya? Ya nace, har faɗowa ya yi daga kujera, ga shaidu nan. Ya duba, ya buga. Ni ɗa ne. In musa wa mahaifina a kan sana'arsa a gaban jama'a?" Ya ja numfashi. "Mun daɗe muna ɓoyewa. Ciwon ya taɓa kan."

Shaidu kuwa akwai. Mai shayi ya ga faɗuwar, mai gadi ya ga bugun. Aka juya aka dubi kujera. Baba na gurnani, yawu na zuba, yana wari, goshi a kumbure, hula a karkace. Wa zai kalli wannan ya ce da hankalinsa? Fushin ƙannen ya rasa inda zai sauka.

"Allah Sarki tsufa," wani ya ce. "Mutumin da ke jin ciwon keke da kunne."

"Dama ni tun bara na ga aikinsa ya fara sauyawa," in ji wani, wanda bai taɓa mallakar keke ba.

"Laifinku ɗaya," babban ƙanen ya ce wa Ɗan Gado, "da kuka bar mahaukaci yana duba birkin mutane."

Ɗan Gado ya karɓi laifin nan da hannu biyu. Ya ce biyayya ce ta yi masa yawa, kuma daga yau an daina.

Aka daina. Hannun da ya jefa mutum a kwata ba ya jawo ciniki, don haka babu dalilin ɗaukar nauyinsa safe da yamma. Aka shimfiɗa masa tabarma a ɗakin baya inda ake tara ruɓaɓɓun tayoyi da karyayyun wilika, mai taga ɗaya da aka toshe da kwali. Matar ɗan ta ce yanzu ya samu hutun da ya daɗe yana buƙata. Auta ta aiko a ce ta ji daɗi da aka ji shawararta. Inna na kai masa abinci, ta ba shi a baki tana kallon bango. Maganar likita ta a sa shi cikin mutane ba wanda ya sake tunawa da ita. A shago Ɗan Gado ya sa aka rubuta a jikin ƙofa da jan fenti cewa gyara ya koma sabon hannu, kuma mutane, da yake suna da tausayi, suka ci gaba da kawo wa yaron kirki aiki.

Da mai burodi ya fara takawa da sanduna biyu, ya ce a kai shi ya ga Baba. Ƙafa ɗaya ta gajarce, likitoci sun ce shi da keke sai dai kallo. Ɗan Gado ya rufe shago don girmama baƙo, ya yi masa jagora har ɗakin baya. Da aka tura ƙofar warin ya fito ya tare su, mai burodi ya tsaya a bakin ƙofa, ya jingina da sandunansa.

Baba na kwance a kan ɓarin da ya mutu, ya zama ƙashi da ido. Ya gane baƙon. Hannun hagu, wanda yanzu ba a damu da ɗaure shi ba, ya ɗago, ya nuna ɗansa, ya nuna ƙafar mai burodi, ya sake nuna ɗansa.

"Yana cewa in kawo maka kujera," in ji Ɗan Gado.

"A'a, bar shi, ba zama zan yi ba." Mai burodi ya gyara murya. Babu raha a cikinta yanzu. "Baba, na kwanta na yi tunani. Da farko na riƙe ka a zuciya, ba zan ɓoye ba. Na ce mutumin da na yarda da hannunsa fiye da idona. Amma an yi min bayani, ba yin kanka ba ne. Shekarun da ka yi kana tsare min rai ba za su tafi a banza don kuskure ɗaya ba. Na zo in gaya maka da bakina, na yafe maka, duniya da lahira."

Gurnanin ya cika ɗakin. Hannun hagun ya bugi tabarma, ya sake bugu, ya kama wata tsohuwar taya ya ja ta har tarin ya zubo.

"Kuka yake, ya ji daɗi," Ɗan Gado ya ce, shi ma yana share ido. Ya sunkuya kusa da kunnen mahaifinsa, ya ɗaga murya yadda ake yi wa kurma. "Ka ji ko, Baba? An yafe maka. Sai a kiyaye gaba."

Ya riƙe wa baƙon sanda ɗaya har ya juya, ya jawo ƙofar ya sa sakata ta waje, saboda warin kada ya shiga tsakar gida ana shirin cin abinci.